Inda Babur Yake Kwana

A Tasawa, da an idar da sallar isha'i an fara rufe shaguna, akwai wani aiki da ake yi a kusan kowane gidan haya, aikin da ba wanda ya tuna da shi ranar da ake aza harsashin ginin: shigar da babur ɗaki. Mai babur yakan kashe inji tun daga ƙofar gida, ya turo shi ta zaure yana karkata kansa kada madubi ya daki bango, ya ratsa tsakar gida yana kauce wa murhu da bokitan wanki. A bakin ɗakinsa akwai guntun katako da ya ajiye don wannan kaɗai. Ya jingina shi a dokin ƙofa, ya cije ya tura. Tayar gaba ta hau, ta baya ta maƙale, sai uwargida ko ƙaninsa ya kama ta baya ya ɗaga. Babur ya shiga ya tsaya tsakanin katifa da akwatin kaya, inji da sauran zafinsa, warin fetur ya cika ɗaki. Nan yara za su kwana.

Kada a ga wautarsa. Babur ɗin shi ne jarin gidan. Ɗan kabu-kabu da shi yake ci, malamin makarantar da aka tura ƙauye da shi yake zuwa aji, ɗan kasuwa da shi yake bin kasuwannin Maijirgi da Korgom da Hawan Dawaki. In ya bar shi a titi, barci ba zai ɗauke shi ba. In ya bar shi a tsakar gida, da safe akwai magana.

"Malam, don Allah ka kawar da mashin ɗin nan, ina son in shanya hatsi."

"Yi haƙuri Iya, yanzu zan fita."

Kullum haka, har haƙurin ya fara ƙarewa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne lokacin hunturu, sa'ad da ake shiga ɗaki da kaskon garwashi, ga babur, ga kwalbar man da aka saya wurin ƴan ruwa-ruwa an ajiye ta a lungu saboda sammako. Ɗaki mai ƙofa ɗaya da ƴar taga guda.

Babu benaye masu hawa goma a Tasawa ko Mayahi. Abin da muke da shi gida ne mai jerin ɗakuna, ƙofa takwas ko goma ko fi, kowace ƙofa da iyalinta, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya in an yi sa'a. Amma tambayar da gidan yake yi wa gari ita ce wadda manyan biranen duniya suka kai shekara ɗari suna gardama a kanta: wanda ya gina wa mutane da yawa wurin zama, wajibi ne ya tanadar wa ababen hawansu wuri?

Amurka ce ta fara amsawa da ƙarfi. A 1923 birnin Kolumbus na jihar Ohayo ya sa doka cewa duk wanda zai gina gidan haya mai sassa da yawa sai ya ware wurin ajiye motoci a cikin filinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu irin wannan doka ta bazu a biranen ƙasar, kowane sashe mota ɗaya, wani wurin biyu, ko mazaunin yana da mota ko ba shi da ita. Niyyar mai kyau ce, a raba titi da cunkoso. Sai dai kuɗin filin da na ginin ba daga sama suke faɗowa ba. Mai gida ya kashe, ya mayar da su cikin kuɗin haya, ɗan hayan da ke tafiya a ƙasa ya riƙa biya wa motar maƙwabcinsa makwanci. Wani farfesa a Kalifoniya, Donald Shoup, ya rubuta littafi sukutum a 2005 kan tsadar da ke ɓoye cikin wurin ajiye mota na kyauta, kuma sannu a hankali birane suka fara janyewa. Landan ta riga su tun 2004, ta daina cewa "kada ka gaza kaza", ta koma "kada ka wuce kaza". Birnin Meziko ya yi haka a 2017. Bafalo ta jihar Niyok ta soke sharaɗin a faɗin birnin a shekarar, Miniyafolis ta bi a 2021.

Na kawo wannan ne don garuruwanmu suna girma, dokokin gini kuma sau da yawa kwafo su ake yi daga littattafan wasu. A ƙidayar 2012 garin Tasawa yana da mutum kusan 43,000, gundumar Tasawa da ta Mayahi kuma kowacce ta haura rabin miliyan. Yaran da aka ƙidaya a lokacin su ne masu neman ɗakin haya yau. Ranar da wani zai zauna ya rubuta wa waɗannan garuruwa ƙa'idar ajiye abin hawa tana zuwa, kuma ina tsoron ya rubuta ta da mota a ransa.

A yi lissafi. Mota ƙarama tana son wuri mai faɗin mita 2.5 da tsawon mita 5, wato murabba'in mita 12.5. Ɗakin haya mai mita 3 da mita 4 bai kai haka ba, kuma mutum biyar suna kwana a cikinsa. In an haɗa da hanyar shiga da juyawa, mota ɗaya tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Ɗauki fili mai murabba'in mita 400, mai ƙofa goma. A ce kowace ƙofa mota ɗaya, murabba'in mita 250 sun tafi, fiye da rabin filin, don motocin da babu su. Mai gida zai rage ɗakuna, ya ƙara kuɗi, ko kuma ya yi gininsa ba tare da ya nemi izini ba. Babur kuwa murabba'in mita biyu ya ishe shi. Wurin mota ɗaya da hanyar shigarta zai ɗauki baburan gidan kaf.

Don haka abin da zan nema daga mai gidan haya kaɗan ne. Rumfar kwano a kusa da ƙofar gida, daga ciki, nesa da murhu. Daɓen siminti da ƙarfen da aka dasa a ciki don ɗaure sarƙa. Ƙofar gida mai faɗin da babur zai shiga ba sai an karkata shi ba, da ƴar gangara maimakon tudu. Ƙwan lantarki guda ko fitilar sola. Duka bai kai kuɗin ɗaki ɗaya ba, kuma mai gida mai lura zai ga cewa ɗan haya mai babur ba ya son barin gidan da ya ba shi wannan.

Wannan na dare ne. Na rana ya fi shi girma, kuma ba a gidan haya yake ba.

Je Mayahi ran kasuwa da hantsi. Ƙasar yashi ce, hanyoyin ƙauyukan Kanambakashe da Sarkin Hausa da Isawan jigawa ce wadda ƙaramar mota ke tsoro, saboda haka amalanke ne sarkin hanya. Tun asuba suke tasowa a jere, na shanu da na jakuna, da buhunan gero da wake da gujiya, da daurin kaba daga Gulbin Kaba, da tabarmi da igiyoyin da aka saƙa da ita, mata da yara zaune a kan kaya, ga akuya an ɗaure a gefe. Su sauke. To, daga nan fa? Mota in ka kashe ta ka kulle, ta gama da kai har ka dawo. Amalanke ba haka ba ne. Sai an kwance sa daga karkiya, a tokare amalanken da itace, a nemi inuwa, a buga turke ko a ɗaure a gindin bishiya, a zuba harawa ko karan dawa, a nemi ruwa. Sannan a bar yaro ya tsare, yaron da zai yini nan har la'asar. Dabbar da ta ja kaya tun asuba, in ta yini a rana, komawa gida da dare wahala ce gare ta da mai ita.

Shi ya sa za ka ga kowa yana rige-rigen gindin gawo da dogon yaro. Gawo yana da wani hali da manoman yankin nan suka daɗe da sani: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif, wato daidai lokacin da ake neman inuwa, ga ƴaƴansa abincin dabbobi. Fili mai gawo biyar a bakin kasuwa ya fi wa mai amalanke kowane irin daɓe. In bai samu ba, sai ya raɓa jikin katangar wani, mai gida ya fito yana cewa an toshe masa ƙofa, an ɓata masa wuri da kashin shanu. Shi ma yana da gaskiya. Mai amalanke ya ce, "Alhaji, a yi mana afuwa, ba mu da inda za mu tsaya." Shi ma ya faɗi gaskiya.

Kakanninmu ba su bar wannan ga sa'a ba. A watan Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya iso Tasawa tare da ayarin gishiri da ya gangaro daga Abzin, a kan hanyarsa ta Katsina da Kano. Ayari irin wannan raƙuma ne masu ɗimbin yawa, kuma garuruwan Hausa da ke kan hanyar fatake sun san ba a lungu za a durƙusar da su ba. Akwai zango, fili ne da gari ya keɓe kusa da ruwa, da Sarkin Zango mai kula da baƙo da dabbarsa da kayansa. Ba a ce wa kowane magidanci ya tanadi wurin raƙumi goma a gidansa ba. Gari ne ya ɗauki nauyin a wuri ɗaya, don shi ne mai cin ribar zuwan ayarin. Ko a yau dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta san cewa dabba tana da haƙƙin hanya, shi ya sa ake shata burtali ana dasa masa alamomi. Amma burtali yana kawo dabba bakin gari ne ya tsaya. Abin da zai faru da ita a cikin gari ba a cika tunaninsa ba.

Nijar tana da dokar tsara birane ta 2017, kuma ofishin magajin gari ne ke kusa da maganar yanka filaye da izinin gini. Idan aka yanka sabuwar unguwa, akan bar wasu filaye a taswira don makaranta, asibiti, kasuwa, dandali. Duk wanda ya zauna a garuruwan ƙasar Hausa, nan da tsallaken iyaka, ya san abin da kan sami irin waɗannan filaye in an daɗe ba a yi komai a kansu ba. Wannan ya kafa rumfa, wancan ya mayar da rumfa shago, wata rana a wayi gari an zagaye da bulo. Filin da amalanke ke tsayawa shi ya fi saurin tafiya, don kwana shida a mako ana ganinsa fayau, kamar ba shi da amfani, masu amfani da shi kuma mutanen ƙauye ne, ba sa nan ranar da ake yanke shawara.

Sai manyan motoci. Babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram ta tsakiyar Tasawa ta ratsa, tireloli kuma a gefenta suke tsayawa direba ya ci abinci, ya yi sallah, ya rage barci. Tsayawarsu ciniki ce ga mai shayi da mai tsire da mai faci, ba wanda ke son a kore su. Amma tirela biyu in suka tsaya daura da juna, abin da ya rage wa babur da amalanke da ɗan makaranta siriri ne, kuma mai fitowa daga bayan tirela ba ya ganin abin da ke tahowa. A nan wata dokar Japan ta 1962 take burge ni: a biranensu ba a yi wa motarka rajista sai ka nuna inda za ta riƙa kwana. Nauyin yana kan mai motar, ba kan maƙwabcinsa ba. Mai tirela a gari ya kamata ya kasance da garejinsa, baƙon direba kuma a ba shi fili a bakin gari mai ruwa da makewayi da mai gadi, ya biya abin da ya dace. Masu abinci za su bi shi can da kansu.

Wurin amalanke kuwa ba ya son gini ko kaɗan. Fili kusa da kasuwa, a rubuta shi a takarda da sunan abin da aka ware shi dominsa, a dasa masa alamomin siminti irin na burtali, a bar itatuwan da ke ciki a ƙara wasu, a kai famfo da kwamin shayarwa. Masu amalanke sun riga sun saba biyan tikiti ran kasuwa, ba za su ƙi biya ba in sun ga inuwa da ruwa. Kafin a auna girmansa, a je bayan an cire amfanin gona, a watan Nuwamba ko Disamba, a tsaya a kowace mashigar gari tun asuba a ƙirga amalanken da ke shigowa, a kuma tambayi masu su ta wace kusurwar kasuwa suke sauke kaya.