Daren da maɓallin Enter ya hana ni barci a Naraguta

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan kwamfuta, ku zo ku ji abin da ya same ni, ko wani zai tsira.

An ba mu aiki a yaren C, maki 20, washegari da safe kowa zai gwada nasa a gaban malami. Aikin ba wuya: manhaja ta tambayi shekarun mutum, sannan ta tambayi jinsinsa, M ko F. Na rubuta, ba kuskure ko ɗaya. Amma da na sa 21 na danna Enter, sai ta tsallake tambaya ta biyu ta rufe abinta. Kai!

Kun san sanyin Jos a Disamba. Ƙarfe biyun dare ina hostel ɗin Naraguta cikin bargo, yatsu sun ƙage, batir saura kaɗan. Na goge na sake rubutawa ya fi sau biyar. Har na fara zargin laptop ɗin.

Wani ɗan ɗakinmu da ke aji uku ya farka, ya leƙo ya ce: "Malam, daina zato. Sa ta ta nuna maka abin da ta karɓa." Muka buga harafin da printf, amma da %d maimakon %c. Sai ga 10.

Ashe 10 lambar sabon layi ce a tsarin ASCII. Abin da ka buga ba kai tsaye yake shiga manhaja ba, yana jira ne a wata ma'ajiya ta wucin gadi. Scanf mai %d ta kwashe 2 da 1, ta bar Enter a wurin. Da ta biyun ta zo neman harafi, sai ta tarar da shi, ta ɗauka amsata ce. Wato ba tsallakewa ta yi ba, ni na amsa ban sani ba.

Maganin? Tazara guda kafin %c, wato " %c". Shi ke nan wallahi. Ko ka karanta layin gaba ɗaya da fgets, ka ciro lambar da sscanf. 'Yan Java, ku ma tarkon na jiran ku idan nextLine ta biyo bayan nextInt.

Da safe na gwada lafiya lau. Abin da ya tsaya min a rai shi ne awa ukun da na ɓata don kunyar tada mutum. Wa wannan ya taɓa kamawa? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya ba mu sa'a.