Gangara Ta Fi Hawa Wuya

Lokacin da na ƙudura shiga gasar gudun Comrades ta Afirka ta Kudu, hawan tudu kaɗai nake tsoro. Wannan gasa da aka fara a 1921 ana yin ta ne tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, wato fiye da ninkin gudun famfalaki mai kilomita 42. Wanda bai isa cikin awa 12 ba, ba shi da lambar yabo.

Saboda haka na tafi duwatsun Idanre a Jihar Ondo don in horar da jikina. Kullum bayan sallar asuba nakan haura matakalan dutsen a guje. Hawa yana ƙarar da numfashi, amma da an tsaya sai ya dawo. Gangarowa kuwa na ɗauke ta hutu, sai in saki jiki in kwararo. Ran kwana na huɗu a zaune na yi salla. Cinyoyina sun yi tsami, gwiwar hagu ta kumbura. Ashe a gangara cinya ce birki, ita ke tare nauyin jiki a kowane taku.

Mako biyu na yi ina jinya, ina tunanin kuɗin rajistar da na riga na biya. Da na koma sai na gajarta taku, na rage sauri, inda tudu ya miƙe kuma in taka a hankali ba tare da jin kunya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Yanzu saura wata uku gasar, kumburin ya saɓe, amma har yau ba na fara gangarowa sai na tsaya na yi bisimilla.