A Kawo Wa Mazan Jiya Ofis Kusa Da Gida

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu gwamnati takan tuna da mazan jiya, domin a ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da aka fara a 1967 aka gama a 1970. Akan yi fareti, a saki tantabaru, kowa ya watse. To, 'yan'uwana ɗalibai, bayan an watse ina tsohon soja yake nufa da kukansa?

Ni mutumin Boɗinga ne, kuma baffana yana cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi. Da ya rasu, matarsa ta sha zirga-zirga zuwa birni kan haƙƙin marayu, yau a ce babu hoto, gobe a ce takardar sallama ba ta fito da kyau ba. Ni nakan raka ta, kuma na ga yadda kuɗin mota ke cinye abin cefane. Ire-irenta suna nan a Sifawa da Danchadi da ƙauyukan Shagari, yawancinsu ba su iya karatun boko ba.

Hukumar Fanshon Soja tana Abuja, barikin Giginya yana cikin Sakkwato. Tsofaffin sojojin da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a 2022 da 2025 suna da sauran ƙarfi da kuɗin tafiya. Dattijon da ido ya mutu, ko tsohuwar da ke riƙon jikoki, wa zai ji muryarsu?

Abin da nake roƙo ba ya da yawa. Boɗinga da Shagari duk suna kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal. A ba Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ɗaki guda a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, jami'i ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata, ya tantance masu fansho, ya karɓi takardu, ya yi bayani da Hausa.

Amma wanda ya yi shiru ba a san yana jin yunwa ba. Idan an yi hutu, mu bi gida-gida mu rubuta sunayensu, mu tsara takardar koke, mu kai wa hakimai da ciyamomi da 'yan majalisarmu, mu kuma riƙa komawa har a amsa. Alƙalamin da muka samu a jami'a, wannan ma aikinsa ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye lafiya, amin.