Godiya Ga Waɗanda Suka Koya Mini Addu'a

'Yan'uwa masu karatu, ku yi mini haƙuri in ari wannan fili in yi godiya. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin da nake da shi ke nan.

Na karɓi Almasihu ne da girmana, da mata da 'ya'ya, a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi. A gidan Maguzawa na tashi, inda mahaifinmu ke magana da yawun kowa in za a yi yanka kafin shuka ko bayan girbi. Mu namu ido. Da na shiga majami'a na ji cewa kowane mai bi zai iya magana da Allah da bakinsa, abin ya faranta mini rai, ya kuma ba ni tsoro. Waƙa ina bi, wa'azi ina ganewa, amma da an ce "mu yi addu'a" sai harshena ya yi nauyi. Ran Laraba, a taron addu'ar tsakiyar mako, gabana faɗuwa yake yi kada a kira sunana. A gida ma in an ajiye tuwo, yara su zuba mini ido, in rasa ta cewa.

Baba mai bishara ne ya fara lura. Bai taɓa tsayar da ni a gaban jama'a ba. Sai dai da yamma ya hau kekensa ya iso ƙofar gidana, wai ya zo gaisuwa. A kan tabarma ya buɗe mini Luka sura 11, inda wani almajiri ya roƙi Yesu ya koya musu addu'a. Ya ce, "Ɗan'uwa, in waɗanda suka ci abinci tare da Ubangiji sun nemi a koya musu, kai kunyar me kake ji?" Daga nan muka shiga Addu'ar Ubangiji a Matiyu sura 6, roƙo ɗaya a kowace ziyara. Da muka kai kan abincin yini, ya sa na ambaci gonata da damina da kuɗin makarantar yara. Da muka kai kan gafara, ya dakata muka daɗe, bai gaggauta ni ba. Ya kuma lissafa mini abu huɗu a yatsunsa: yabo, tuba, godiya, roƙo. Baba, na gode. Sau nawa na kawo maka hatsi ka ce a kai wa gwauraye. Allah ya saka da alheri.

Mama, tsohuwar da ke jagorar Zumuntar Mata, ba ta karatu, amma Zabura ta 23 da ta 121 suna kanta daram. Ita ta ce mini, "Ɗana, ranar da ba ka da magana, ari ta Dawuda. Zabura 150 ce, ba za ka rasa wadda ta yi daidai da kukanka ba." Washegari ta aiko jikanta da Littafi Mai Tsarki na marigayi mijinta, naɗe cikin ƙyalle. Kunya ta kama ni, na mayar, ta sake aikowa da shi, har da gyaɗa ga yara. Mama, ban san abin da na yi na cancanci wannan ba. Ta dalilin littafin nan godiyata ta kai har ga Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa, waɗanda wahalarsu ta sa cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Albarkacinsu ban nemi wani harshe ba kafin in kira Allah Uba.

Ranar da na fara addu'a a cikin taro, magana ta tsaya mini a tsakiya. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya karɓe daga bakina. Ikilisiya duka ta jira har na ƙarasa cikin sunan Yesu, aka amsa da amin. Bayan an tashi wani dattijo ya riƙe hannuna ya tuna mini Romawa sura 8, cewa Ruhu Mai Tsarki na taimakon mai rauni. Wannan jiran da kuka yi mini, 'yan'uwa, shi ne babbar kyautar da na samu. Uwargida ma, da ta riga ni iyawa amma ta bar ni in ja gaba a gida, sannu da haƙuri.

Yanzu da asuba nakan tara iyali mu karanta Zabura mu durƙusa. Muna ambaton marasa lafiya da suna, da danginmu da ke kan gargajiya, da maƙwabtanmu Musulmi. Mutumin da muka daɗe ba ma ga maciji saboda iyakar gona, yanzu muna gaisawa, domin wanda kake kai sunansa gaban Allah kullum, riƙe shi a zuci ba ya yiwuwa.

Na san ku masu karatu za ku taya ni. Ku sa waɗannan bayin Allah a addu'a. Ubangiji ya ja kwanansu, ya albarkaci zuriyarsu, ya bar zumunci.