Lambun Inna a Bakin Ruwan Yelwa

'Yar uwa, idan Allah Ya kai ki Yelwan Yauri, kada ki tsaya kallon buhunan albasa da kwandunan bandar kifi a kasuwa ki ce kin ga gari. Gangara bakin ruwa da la'asar, lokacin da jiragen inji ke dawowa daga tsibirai, ki bi gefe har hayaniya ta lafa. Can lambuna suke, kuma cikinsu akwai na kakata, wadda muke kira Inna.

Na taɓa shiga lambun itatuwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samarun Zariya, inda ake manna wa bishiya allo da sunanta na boko. Wuri ne mai kyau, ba laifi. Amma a lambun Inna babu allo ko ɗaya. Sunayen suna cikin kanta, kuma sunayen mutane ne.

Inna 'yar Gungawa ce, a tsibiri aka haife ta a tsakiyar kogin Kwara. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya haɗiye garuruwa da gonaki, aka kwashe mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai a tudu. An ba su gidaje, amma fa kabari ba ya ɗaukuwa. Iyayen Inna da ɗanta na fari suna can ƙarƙashin tafkin har gobe. To, da ta rasa inda za ta tsaya ta yi musu addu'a, sai ta shuka tsamiya da sunan babanta, mangwaro da sunan uwarta, lemun tsami kuma na jaririn, wai shi ma bai yi tsawo ba. Allah sarki!

A inuwar mangwaron nan muke zance da wanda aka sa mana rana, Inna na gefe tana cirar ciyawa, kunnenta kuwa yana wajenmu. Kishiya take ce mini, shi kuma mijinta. Wata rana ya zo da reshen lalle ya kafa a gindin shinge, ya ce, "Da wannan za a yi miki ƙunshin biki."

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski, da mutane fiye da 100. Yana ciki. An yi ta nema, ba a ga gawarsa ba.

Shekara biyu cur ban taka lambun ba, ko hanyar ba na bi. Ashe kullum tsohuwar nan tana jan ƙafa da bokiti tana ba lallen ruwa, ba ta gaya wa kowa ba. Rannan sai ta aiko a kira ni. Na tarar ya fi ni tsawo, ya yi furanni farare, ƙamshi ya cika wurin.

"Kishiya," in ji ta, "karɓi bokitinki. Na tsufa da yi wa mijin wata hidima."

Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar zaman makoki. Ba ta ce in yi shiru ba, sai ta koma gindin lemunta ta zauna.

Da bikin ƙanwata ya zo, da hannuna na tsigo ganyen, na shanya, na daka. Ya kama amarya ja wur. Ragowar da ta maƙale a ƙwarya na lakata na sa a ɗan yatsa ɗaya.