Mai, Wuta, Iska: Karatun da Ake Yi a Tashar 'Yan Acaɓa

Da wuya babur ya yi mutuwar fuju'a. Kafin ranar da zai tsaya cak da mai shi a tsakiyar gonaki, yakan yi kwanaki yana ba da sanarwa: ya ƙi tashi da asuba sai an buga kik sau biyar, ya riƙa tari idan an murɗa totur, hayaƙin salansa ya sauya launi, sarƙa ta fara kuka. Duk ɗan acaɓar da ya shekara biyu a hanyoyin Gaya da Ajingi ya iya karanta waɗannan alamu kamar yadda manomi ke karanta hadari. To in haka ne, me ya sa a 'yan shekarun nan ake yawan ganin mutum yana tura babur a gefen hanya, fasinjansa na biye da shi a ƙasa?

Amsar da mutanen birni ke saurin bayarwa ita ce sakaci da rashin sani. Ni da na fara hawa babur tun ina ɗalibi, kuma har yau shi ne abin hawana duk lokacin da na je gida, wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Na zauna a bencin 'yan acaɓa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma abin da na tarar a wurin ilimi ne mai tsari. Abin da ya gaza aljihu ne.

Inda babur ya zama komai

Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta nufi Dutse ita ce ta ratsa ƙasar Gaya. Da zarar an sauka daga kwalta, sai burji da turba da rairayi. Daga irin su Kademi da Gamarya da Shagogo, zuwa Toranke da Balare da Gurduba a ɓangaren Ajingi, akwai ƙauyuka da unguwanni masu yawa da mota ba ta shiga sai da dalili mai ƙarfi. A irin waɗannan wurare babur shi ne motar kasuwa, shi ne motar ɗaukar taki da buhun gero, shi ke kai akuya Wudil ranar Juma'a, kuma shi ne motar asibiti idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare. Saboda haka tashin injin a bugun farko ba ƙaramin al'amari ba ne a nan.

A cikin birni labarin ya sauya tun Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a ƙwaryar Kano, kwanaki kaɗan bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Adaidaita Sahu ya gaje titunan birni. Amma ƙafa uku ba ta jure rairayi, don haka karkara ta ci gaba da dogara da ƙafa biyu. Wasu daga cikin samarin garinmu da ke acaɓa a birni sun dawo gida a lokacin, sun dawo da baburansu da abin da suka koya a garejojin Kano.

Ƙa'idar abubuwa uku

Akwai wani dattijon bakanike a Gaya da nake kai wa babur, wanda kowa ke kira Baba. Idan aka turo masa mashin, ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake yi, irin ta likita: A ina ya mutu? Yana tafiya ne ko yana tsaye? Ya yi tari kafin ya ɗauke, ko kuwa kamar an hure fitila? A ina ka sha mai na ƙarshe? Daga amsoshin nan ya riga ya raba matsalar gida biyu, domin injin da mai ya yanke masa yakan yi shaƙuwa ya ja numfashi kafin ya mutu, wanda wuta ta yanke wa kuwa lokaci guda yake yin shiru.

Ƙa'idar da yake koya wa yaransa gajeriya ce: injin na bukatar mai, da wuta, da iska, kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda dubawarsa ba ta cin ko kwabo.

Mai shi ne farko. A duba tanki, a duba famfon mai ko yana rufe, a zare tiyo a ga ko fetur na zuba. Akwai wata cuta da ke rikita sabon shiga: babur ya yi tafiya mai ɗan nisa ya mutu, a jira kaɗan ya tashi, ya sake mutuwa. Sau da yawa ɗan ƙaramin hujin da ke murfin tanki ne ƙura ta toshe, iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya sauka, sai mai ya ƙi gangarowa. Buɗe murfin kawai, in an ji ya yi huci, an gano ɓarawon.

Sai wuta. A kwance fulogi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi da jikin injin, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi lafiya ke nan. Ja mai rauni ko babu gaba ɗaya, sai a bi waya zuwa kwayil. Fulogi kuma shi ne takardar gwajin injin. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa, komai daidai. Idan ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, mai ya yi wa iska yawa. Idan ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya gaji ko bawul na yoyo, kuma shuɗin hayaƙi a salansa zai ba da shaida. Idan kuwa ya yi fari fat, injin na aiki da yunwa, zafi na cin sa.

Iska ce ta uku, kuma ita aka fi rainawa. Domin fetur ya ƙone yadda ya kamata, yana bukatar iskar da ta ninka shi nauyi kusan sau 15. A lissafi, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. Mai karatu ya tuna irin iskar da ke kan hanyar Ajingi a watan Janairu, sannan ya tuna cewa ɗan soso guda ne ke tsakanin wannan ƙura da cikin injin. Idan soson ya toshe, babur ya shaƙe, ya ƙara shan mai. Idan aka cire shi don a huta da wankewa, ƙurar ta shiga ta zama kamar dutsen wasa tsakanin fistin da bangonsa.

In duk ukun sun cika babur bai tashi ba, Baba yakan taka kik a hankali da ƙafarsa, yana sauraron nauyinsa. Kik ɗin da ya yi sakwaf alama ce matsin injin ya zube, kuma daga nan magana ta bar hannun mai babur ta koma ta garambawul.

Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka je Dala neman tama, har sunan ɗaya daga cikinsu ya zama sunan birnin Kano. Duk lokacin da na ga Baba ya kara kunne kusa da injin yana rarrabe ƙarar bawul da ta sarƙar cikin injin, nakan ji kamar sauraron ƙarfe bai taɓa barin garin nan ba.

Kowane lokaci da cutarsa

Shekarar babur a gabashin Kano kashi uku ce. Da hunturu, ƙura da sanyin asuba: sai an ja cok, kuma mai hankali yakan bar injin ya ɗan yi ɗumi kafin ya ɗora masa kaya. Da bazara, zafi: injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, yana nitso cikin rairayi a giya ta ɗaya da mutum uku a kansa, iskar da ke bugunsa ba ta isa ba, baƙin mai ya tsinke ya zama kamar ruwa. Da damina, ruwa: ya shiga hular fulogi, ya shiga tanki, kuma tun da ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a gindin kafireta. Akwai ɗan sukurun da ake sassautawa a ƙasa a zubar da shi. Sarƙa kuwa ba ta da lokacin hutu. Maiko da rairayi idan suka haɗu suna cinye haƙoran sifoket, kuma ma'aunin da kowa ya sani shi ne ta yi wasa kamar faɗin yatsu biyu, kar ta ɗaure, kar ta yi lilo.

Ba a wuce wanda ya tsaya

Wata damina, tsakanin Gaya da Ajingi, babur ya mutu mini bayan na sha mai a galan a bakin hanya. Ban kai minti goma a tsaye ba wani ɗan acaɓa ya ci birki, da buhu biyu a bayansa.

"Sannu Malam, lafiya?"

"Wallahi ya ɗauke ne kawai, ɗan'uwa."

"Ya yi tari?"

Na ce ya yi. Ya ciro sukundireba daga ƙarƙashin kujerarsa, ya durƙusa, ya tara tafin hannunsa a gindin kafireta. Fetur ya zubo, ga ɗigon ruwa yana yawo a ƙasansa kamar ƙwayar ido. Kafin ya gama, wani dattijo ya tsaya shi ma, ya ce, "Yaro, ku tsiyaye na tankin ma, in ba haka ba gaba kaɗan zai sake." Aka tsiyaye, aka ɗiba mini mai daga tankin na farkon a robar ruwa. Da na miƙa masa kuɗin aiki, sai ya karɓi na man kawai, ya ce, "Haba Malam, gobe ni ne."

Wannan kalma, gobe ni ne, ita ce inshorar 'yan acaɓa. A tasha ana aron fulogi, ana aron famfon taya, ana karo-karo idan ɗan'uwa ya yi hatsari ko injinsa ya buga. Ana kuma gardama mai zafi kan wanne ya fi jure kaya tsakanin Boxer na kamfanin Bajaj da TVS, da kewar zamanin Jincheng. A cikin wannan hira ce yaron da ya karɓi babur jiya yake koyon abin da ba a rubuta masa a ko'ina ba, da Hausar da ta riga ta haɗiye kalmomin sana'ar ta mayar da su nata.

Lissafin da ya sauya

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da gidajen mai na gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta ƙetare 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira, darajarta ta faɗi, alhali mafi yawan kayan gyaran babur daga Indiya da Sin ake shigo da su. Kuɗin fasinja ya tashi, amma fasinjan ƙauye manomi ne, iyakar abin da zai iya biya a bayyane take.

Ɗan acaɓar da ke kai wa mai babur balas kullum yana da abubuwa huɗu a gabansa: balas, fetur, cefane, gyara. Uku na farko ba sa jira. Na huɗun ne kaɗai ake iya cewa sai wani satin. Sai juyen baƙin mai, wanda bai wuce kimanin lita ɗaya ba, ya koma ciko. A irin waɗannan babura kuwa man nan guda shi ke yi wa injin da giya da kuloci hidima, don haka idan ya mutu, uku yake ja. Sai a sayi ringi mai araha, an san araha ba ta ado. Sai a roƙi bakanike ya matse kafireta don babur ya rage sha, fulogi ya yi fari, injin ya riƙa zafi, a tsimi ɗari a yau a biya dubbai bayan watanni.

Na taɓa jin Baba yana yi wa wani matashi faɗa kan wannan matsewar. Matashin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, duk na sani. Amma in ban matse ba, yau ba a ɗora tukunya a gidanmu." Baba bai ƙara cewa komai ba, ya ɗauki sukundireba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injin da aka ƙera don talaka

Masu ƙera babura sun daɗe da sanin wannan hali. A 1975 kamfanin Honda ya fitar da CG125 bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lodin babur, ake kuma jinkirta juye. Suka sauƙaƙa injin domin ya jure wahala da ƙarancin kulawa, kuma kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi wannan tsari. Sauƙin nan ne ya sa mutum mai sifana biyu da sukundireba zai iya ceton kansa a daji. Amma juriya tana da iyaka, kuma duniya na tafiya wani wajen. Tun Afrilun 2020 dokokin hayaƙi a Indiya suka tura yawancin baburan kasuwarta ga na'urar lantarki mai auna mai, ga kuma babura masu batir da suka fara bayyana a biranen Afirka. Ranar da irinsu suka iso Toranke, kunnen Baba kaɗai ba zai wadatar ba, sai da na'urar gwaji, kuma wajibi ne wani ya koya wa yaransa aiki da ita tun kafin ranar.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun mutane. Mai babur da ke karɓar balas zai iya ɗauke wa yaronsa kuɗin juye, domin injin da zai buga nasa ne. Ƙungiyoyin tasha da suka iya karo-karon jinya za su iya sayen baƙin mai da fulogi a sari daga Kano, su raba a farashin da ya fi na ɗaiɗai sauƙi. Mu kuma fasinjoji, idan ɗan acaɓa ya ƙara naira ɗari a kan kuɗin da muka saba, yana da kyau mu san inda za ta tafi. Wataƙila ita ce za ta sa babur ɗin ya tashi a bugun farko, daren da za a ƙwanƙwasa masa ƙofa a ce a taimaka a kai wata asibitin Gaya.