Garuruwa huɗu sun fi goma sha ɗaya: abin da na koya da na ci sarautar Askiya a kwamfuta

Ɗan yayata ne ya jawo mini. Ya zo Maraɗi babban hutu daga Yamai, inda yake karatu a jami'a, ya tarar da tsohuwar kwamfutata tana shan ƙura bisa tebur. Ya ce: "Kawu, kai da kake koya wa yara tarihin daulolin da, bari in sa maka wani wasa ka ci sarautar Askiya da kanka." Na ce masa mutumin da ya ba shekara arba'in baya ya wuce wasan yara. Ya yi dariya, ya sa abinsa, ya nuna mini inda ake latsawa. A daren nan kiran assalatu ne ya tashe ni daga gaban kwamfutar.

Sunan wasan Civilization. Wani mai suna Sid Meier ne ya ƙirƙiro na farkonsa a Amurka a 1991, wanda nake yi kuwa shi ne na biyar, da ya fito a 2010, haɗe da ƙarin da aka yi masa a 2012 da 2013. Ba irin wasan gudu da harbi ba ne. Ya fi kama da dara: ka yi naka motsi, ka latsa, sauran sarakuna su yi nasu, a sake dawowa kanka. Ana farawa a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa da ƴan ƙaura masu neman wurin kafa gari da ƙungiyar mayaƙa guda, a ƙare a 2050, wato zagaye 500 idan ba ka taɓa tsarin ba. A tsakani kai ne mai cewa a yi noma, a haƙa ma'adini, a gina rumbu ko ganuwa, a nemi ilimin rubutu ko na ƙira.

A cikin sarakunan da mutum ke iya zaɓa akwai Askiya na Songhai, babban birninsa Gao. Akwai kuma Ahmad al-Mansur na Maroko. Duk wanda ya riƙe ajin CM ya san abin da ke tsakanin waɗannan dauloli biyu. Al-Mansur ne ya turo Judar Pasha da ƴan bindiga suka ƙetare Sahara, suka karya rundunar Askiya Ishaq na biyu a Tondibi a 1591, ragowar masu sarauta suka gangaro Dendi, ƙasar da wani yankinta ke cikin Nijar a yau. Shekara da shekaru ina rubuta 1591 a allo. Saboda haka da gangan na sa Maroko cikin abokan hamayyata. Ramuwa na zo yi.

Ga yadda na yi wasan farko. Duk inda na hangi fili sai in tura masu kafa gari. Wasan ne ke ba garuruwa suna ɗaya bayan ɗaya: Gao, Tumbuktu, Jenne, Taghaza, na biyar kuwa Tondibi. Ban tsaya nan ba sai da na kafa takwas. Da na samu mahayan Mandekalu, dawakin yaƙin da wasan ya keɓe wa Songhai, na afka wa Maroko na ci garuruwa uku, na haɗe su duka cikin daulata. An ba Askiya wata baiwa: ganimar da yake samu idan ya ci gari ko ya fasa sansanin mahara ninki uku ce. Zinari ya shigo, na ga launin ƙasata ya mamaye taswira, na ji kaina ya yi girma.

Ba a jima ba sai fuskar nan da ke saman allo, wadda ke nuna jin daɗin jama'a, ta koma ja. Garuruwa suka daina girma. Ganima ta ƙare, kuɗin kula da hanyoyi da gine-gine da sojoji ya fi abin da ke shigowa, baitulmali ya koma sifiri, wasan ya fara zaftare mini ilimi yana sallamar mayaƙa. Ƴan tawaye suka ɓullo suna ƙona gonaki. Al-Mansur, wanda na ɗauka na gama da shi, ya dawo da makaman da ni ban kai ga iliminsu ba. Garin da ya fara ƙwacewa Tondibi ne. Na kashe kwamfutar, na kwanta da haushi kamar wanda aka yi wa sata.

Washegari na kira yaron a waya. Ya ce: "Kawu, kai fa malamin lissafi ne. Ka taɓa ɗora alamar bisa fuskar nan ka karanta abin da ke ƙarƙashinta?" Ban taɓa ba. Da na duba sai na ga ashe komai a rubuce yake, ni ne ban karanta ba, laifin da kullum nake kama ɗalibaina da shi ranar jarabawa. Na ɗauko kaye da bik na zauna. Abin da na fitar shi ne zan ba duk mai son gwada wasan.

Na farko, kada ka kafa gari sai ka yi lissafinsa. Kowane gari, ranar da aka kafa shi, yana cin maki 3 na jin daɗi, kowane mutum da ya ƙaru a cikinsa kuma yana cin maki 1. A ɗaya gefen, kowane irin kayan alatu da ka mallaka, gishiri ne ko auduga ko hauren giwa ko turare, yana ba da maki 4, amma sau ɗaya tak. Ramin gishiri uku ba su fi ɗaya ba a wannan ma'auni. Ma'ana, garin da bai kawo sabon kayan alatu ba bashi ne ka ɗauka. Garuruwana takwas sun ci maki 24 tun kafin a ƙirga mutum ko ɗaya, alhali kayan alatu iri huɗu ne kawai a hannuna. Rarar da kake da ita kuma kada ka bar ta zaune. Ka ba wani sarki gishirinka na biyu ya ba ka siliki, ko ya biya ka zinari har 7 a kowane zagaye na tsawon zagaye 30 idan kuna shiri.

Akwai wani bashin da ba ya fitowa fili da wuri. A taswira matsakaiciya, kowane sabon gari yana ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan tsadar kowane ilimi da za ka nema, da kashi 10 cikin ɗari a kan tsadar dokokin mulki. Ƙauye mai mutum uku da ka kafa a tsakiyar hamada don kawai taswira ta yi kyau, yana ja wa daula duka baya. Ƙari a kan haka, muddin gari yana shirya masu ƙaura, yawan mutanensa ba ya ƙaruwa. Na tsayar da Gao wuri ɗaya zagaye da yawa ina tatsar ta, kamar mai sayar da irin shuka don ya sayi sabuwar gona.

Na biyu, ka zaɓi wuri huɗu masu kyau ka ciyar da su. Bakin kogi ya fi ko'ina, don gonakin da ke shan ruwansa suna samun ƙarin abinci da wuri. Tudu yana ba da ƙarfin aiki da kariya. Gari yana aiki da filayen da ke kewaye da shi har taki uku, saboda haka ka duba abin da zai kai gare shi nan gaba. A cikin tafarkunan mulki da ake buɗewa da makin al'ada, wanda ake kira na gargajiya an yi shi ne don mai garuruwa huɗu: yana ba garuruwanka huɗu na farko ginin al'ada kyauta, idan ka kammala shi kuma ya ba su magudanar ruwa kyauta, wadda ke sa su girma da sauri. Sai rumbu. Garin da ke da rumbu yana iya tura ayarin raƙuma ɗauke da abinci zuwa wani garinka, kuma abincin nasa ba ya raguwa. A wasan farko duk ayarina waje nake tura su neman zinari. A na biyu na juya biyu zuwa Gao, ta cika ta batse.

Dalilin wannan duka shi ne ilimi a wasan nan daga mutane yake fitowa. Kowane mutum yana ba da maki 1, ɗakin littattafai kuma yana ƙara maki 1 a kan kowane mutum biyu. Gari guda mai mutum 20 ya fi ƙauyuka biyar masu mutum hurhuɗu, don ginin da za ka yi sau ɗaya a can sai ka yi shi sau biyar a nan, ka kuma biya kuɗin kula da shi sau biyar.

Na uku ya taɓa ni a matsayina na malami. Akwai babbar kwalejin ƙasa, wadda ke ƙara wa garin da aka gina ta rabin ilimin da yake samarwa. Sharaɗinta shi ne sai kowane gari da kake mulka da hannunka yana da ɗakin littattafai. Gari ɗaya ya rasa, ba a ginin. A wasan farko ban taɓa gina ta ba, domin kullum akwai sabon ƙauye da bai gama nasa ba, kafin ya gama na kafa wani. Ka yi ƙoƙari ta tsaya kafin zagaye na 100. Idan gari na ƙarshe yana jan ƙafa, ka saya masa ɗakin da zinari. Na daɗe ina kallon wannan sharaɗi. Na fara aiki ne a wani ƙauye inda ajina rumfar zana ce, littafin karatu ɗaya yara biyar. Wanda ya tsara wasan nan ya gane cewa jami'a ba ta tsayuwa bisa ƙauyukan da ba su iya karatu ba.

Na huɗu, soja kaɗan amma a wurin da ya dace. Sarakunan kwamfuta suna auna ƙarfinka, idan suka ga ƙofa a buɗe za su shigo ko da jiya kun ƙulla abota. Ƴan baka huɗu ko biyar, ɗaya a cikin garin iyaka, sauran bisa tudu ko bayan kogi, sun isa su tare runduna mai yawa, don suna harbi daga nesa ba a rama musu. Ka riƙa sabunta makamansu da zinari duk lokacin da ilimi ya ba da dama. Hanya ma kada ka shimfiɗa ta don ado. Kowane taki nata yana cin zinari 1 a kowane zagaye. Ka haɗa garuruwa da babban birni ta hanya mafi gajarta, ka tsaya nan.

Na biyar, idan ka ci gari da yaƙi kada ka yi gaggawar haɗe shi. Garin da aka haɗe yana zuba baƙin ciki mai yawa har sai an gina masa gidan shari'a. Ka bar shi a hannun masu shi yana biyan haraji. Ba za ka iya ce masa ga abin da zai gina ba, amma ba ya ƙara tsadar dokoki, ba ya kuma shiga ƙidayar ɗakunan littattafai. Sarakunanmu na da sun san wannan: sau da yawa sukan bar sarkin da suka ci a kan gadonsa, ya riƙa aiko da gandu duk shekara.

Wasa na biyu na tsaya a Taghaza. Na gina masallacin laka, wanda wasan ya keɓe wa Songhai kuma ba ya cin kuɗin kulawa, a duka garuruwan huɗu. Al-Mansur ya riƙa turo ayarinsa Tumbuktu, ni ma ina samun rabona. Sau ɗaya wani maƙwabci ya gwada ni, ƴan bakana suka kora shi. Ban kafa Tondibi ba sai da na ga rarar jin daɗi ta haura 10 kuma akwai auduga a wurin. Ramuwar da na zo yi ban yi ta ba. Lokacin da na samu bindigogi, shi yana nan da takobi, sai na ga babu abin da zan ƙaru da shi a garuruwansa.

Uwargida ce ta kai zancen inda ban so ba. Ta ga kayen lissafin ta tambaye ni na mene ne, na yi mata bayani ina jin daɗin kaina. Ta ce: "Malam, to kai garuruwanka nawa?" Ta ƙirga mini da yatsu: aji mai yara sama da tamanin, darasin yamma a gidaje biyu, gonar gero a ƙauye, ginin da na fara shekara uku ko linta bai kai ba, babur ɗin kabu-kabu da na karɓa bashi wanda rabin wata a wurin gyara yake yi, ga adashe biyu. Ta ce ita fuskar da ke gidan nan ta daɗe da yin ja, ni ne ban ɗora alama a kanta ba. A lokacin akwai takardun yara na mako biyu da ban gyara ba, kuma wasan ma yana cikin abin da ya cinye daren da zan gyara su.

Na sayar da babur ɗin kafin a koma lakwal, na biya bashin, na bar darasin gida ɗaya. Ginin yana nan yadda yake, sai adashe ya zagayo. Wasan kuma na mayar da shi daren Asabar kaɗai, in akwai wuta.

Abu ɗaya ne nake jan kunnen ɗan yayata a kansa. A wasan kai ne kake zaɓar yawan garuruwanka, kana iya cewa huɗu sun isa. Ranar shiga aji ban isa in ce wa uwar da ta riƙo hannun ɗanta na cika ba. Nan lissafin Askiya ba ya aiki, sai dai a matsa a ba yaro wuri a kan benci. Bana da muka zo darasin Songhai na rubuta 1591 a allo kamar kullum, sai na tambayi yara: daular da ta kama daga Taghaza har Agadas, kwana nawa ɗan aike zai yi bisa raƙumi kafin labarin iyaka ya iso Gao? Muka auna a taswira da zare, muka yi lissafin tare.